Aron Kunne

Mijina ba ya kashe zuma. Da wannan nake fara ba da amsa duk lokacin da aka tambaye ni sana'arsa, domin in na ce yana cire zuma daga bangon gidaje, sai mutum ya ɗauka irin masu goyon tankin feshin nan ne, su zo su fesa su tafi su bar maka gawa a cikin gini. Ko kusa. Malam da ransu yake fitar da su, da uwarsu da 'ya'yansu da abincinsu, ya zuba su a akwati ya kai su wata gona a bayan gari. A unguwa Mai Zuma ake kiransa. Ni Malam nake ce masa, in kuwa ya ɓata mini rai sai ya koma "mutumin nan".

Asalinsa birkila ne. Lokacin da na aure shi warin siminti yake yi, tafin hannunsa kuwa in ya shafa yadi sai ya ja zare. Abin da ya juya shi, wata rana aka kira shi gyaran wani bango da ke tsiyayar da baƙin ruwa mai danƙo, ga wari, ga tururuwa sun yi layi har saman labule. Ashe a baya zuma ce ta shiga ramin bulo, maigidan ya sa aka yi feshi aka liƙe ƙofar da siminti. Da Malam ya fasa wurin, saƙar duk ta narke ta ruɓe, matattun ƙudajen kuwa da shebur ya riƙa kwasa yana zubawa a baro. Ranar ya dawo ya zauna a bakin gado ko takalmi bai cire ba. Na ajiye masa abinci ya ce in ɗauke.

Na ce, "Haba Malam, ƙwari ne fa, ba mutane ba."

Ya ce, "Maman Auta, gari guda ne. Gari guda aka rufe wa ƙofa."

Na yi zaton zuwa safe zai manta. Ina! Daga nan ya liƙe wa wani tsoho mai kiwon zuma, duk ranar da ba aikin gini sai ya tafi wurinsa. Yau ya dawo da leɓe a kumbure, gobe ido ɗaya a rufe, yana ta murna sai ka ce kyauta aka yi masa. Ya koyi ba su hayaƙi kaɗan-kaɗan don su lafa, ya koyi yanko saƙa mai 'ya'ya ya ɗaure ta a sandunan akwati ba tare da ya kifa ta ba, ya koyi gane uwa, wadda wasu ke ce wa sarauniya. Da yake kuma gini sana'arsa ce, shi zai buɗe bango shi zai mayar, ya shafe har ka rasa inda aka taɓa. Kafin mu ankara cokalin gini ya koma ɗan rakiya, zuma ta zama ita ce aikin.

Amma duk kayan aikinsa, guduma da wuƙa da gwangwanin hayaƙi, babu wanda ya kai kunnensa. Zuma ba ta zama a inda kake ganin tana shiga. Sai ta shiga ta wata 'yar kafa, ta bi ramukan bulo inda birkila ya yi rowar siminti, ta je ta yi gida can wani wuri da ba ka zata ba. Wanda bai sani ba sai ya rushe rabin ɗaki yana nema. Malam kuwa sai ya ce a kashe fanka, a kashe rediyo, kowa ya yi shiru. Ya manna kunne a bango ya riƙa ja da shi a hankali, ido a rufe, kamar likita da ƙirjin mara lafiya. Can sai ya tsaya ya ɗora yatsa. Nan zai fasa, kuma nan za a same su.

Har kalmominsa gare shi. In zuma na zaune lafiya da uwarta, ƙarar tana da kauri, a ƙasa-ƙasa, ba hawa ba sauka. Wannan "hira" yake ce mata. In kuwa uwa ta ɓace musu, sai ƙarar ta sirance ta yi sama tana rawa, shi ne "kukan marayu". Da wannan yake sanin ko uwa ta shiga akwati ko tana maƙale a bango, don ba kullum ido ke ganinta cikin wannan taron ba. Bai taɓa liƙe bango ba sai ya ji hira a akwati. Kuma ba ya ɗaga akwatin sai rana ta faɗi, wai kada waɗanda suka fita neman abinci su dawo su tarar an tashi an bar su. Sau nawa abinci na hucewa ina jiran mutum, shi yana can zaune kan bokiti yana jiran ƙudaje su taso daga aiki!

Ni dai tela ce, kekena na ɗakin da ke jikin bangon maƙwabta. Ni na ɗinka masa hular aiki da tsohon gidan sauro, na sa masa roba a hannun riga da ƙafar wando. Iyakar taimakona ke nan. Tun ranar da wata ta ɓuya a aljihun rigarsa ta harbe ni a fatar ido ina wanki, na riƙa ɗinki da ido ɗaya har kumburin ya sace, na rantse ni da zuma sai dai a cokali.

Kunne kuwa, ni ma Allah bai hana ni ba. "Gidan Rediyo" Malam yake kirana in yana jin tsokana, wai ba a yin tari a layinmu ban san mai shi ba. Sharri ne. Ni ba saurare nake yi ba, maganar ce ke zuwa ta same ni ina zaune kan kekena. Laifina ne da aka yi bangon da bulo mai rami? Maƙwabciyarmu Nas, wadda ke aiki a asibiti, ita da mijinta direba in suna magana kamar a ɗakina suke. To in toshe kunne da auduga?

Haka muka yi shekaru, alhamdu lillahi. Ba mu yi arziki ba, ba mu kuma rasa ba. Yara suka girma da ɗanɗanon zuma a baki suka watse, Auta ma ta yi nata gidan. Akwatuna suka yi layi a gonar abokinsa, kowanne Malam ya san gidan da ya fito: waɗannan 'yan gidan mai kemis ne, masu zafin kai, waɗancan na silin makaranta ne, ba ruwansu da kowa. Ya dawo da yamma yana ƙamshin hayaƙi da kaki, ya zauna ya ba ni labarin bango kamar labarin mutum. Ina son wannan zaman, ba zan ɓoye ba.

Abin ya fara ne da "Na'am?" In yi magana ya ce na'am, in maimaita ya ce na'am, har na fara zargin muryata ce ta ishe shi. Sai talabijin ta riƙa ƙara ƙarfi. Sai a buga ƙofa ina banɗaki in fito in tarar da shi zaune bai motsa ba. Na ce mu je asibiti, ya ce ni ce na koma magana ciki-ciki. Ni! Ni da ake jin muryata daga bakin titi.

Gaskiya ta fito a gidan wani mai shagon katifa. Malam ya manna kunne, ya ɗora yatsa, ya fasa, wayam. Ya matsa ya sake fasawa, wayam. Ya gwada da tafin hannu ko zai ji ɗuminsu, amma rana ta riga ta gasa bangon, ko'ina ɗumi ne. Kafin azahar falon mutum ya koma kango, matarsa na kuka kan sabon fenti, zumar kuma ta fusata da bugun guduma ta harbi mai gadi. Maigidan bai zage shi ba, ni a ganina da ma zagin ya yi da ya fi sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Baba, huta haka nan," ya ɗaga waya ya kira mai feshi. Malam ya tsaya ya gyara ɓarnar da ya yi, warin maganin na shiga masa hanci. Da ya dawo ya zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa, sak irin zaman wancan karon.

Wannan karon shi da kansa ya ce mu je asibiti. Likita ya ce shekaru ne, da kuma injin yankan bulo na zamanin gini. Aka ba shi ɗan abin nan da ake maƙalawa a kunne. Magana kam yana ji da shi in an ɗaga murya. Amma da ya manna shi a bango sai ya ɗauki fito, fiii, kamar butar shayi ta tafasa. In ya cire kuma shiru. Ya rataye hular a ƙusa bayan ƙofa. Waya ta yi ƙara ya ɗauka ya ce, "Na daina," ya ajiye. Ya koma zaman benci a ƙofar gida yana kallon masu wucewa, ga ƙarfi a jikinsa, ga hannu lafiya lau. Akwatunan gona ma sai na tuna masa yake zuwa duba su. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga mutumin nan yana tsufa a gabana cikin ɗan lokaci, kuma na san in bai koma jikin bango ba, a kan bencin nan zai ƙare.

Ana nan, wata safiya ina ɗinka wuyan riga sai na ji wata ƙara a bango, zuuu, a ƙasa-ƙasa. Na ce firij ɗin Nas ne ya fara lalacewa. Sai aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, amma ƙarar ba ta tsaya ba. Nan na gane zuma ce, amma ban faɗa wa kowa ba. Ta yaya zan ce wa Mai Zuma zuma ta tare a gidansa bai ji ba?

Ba a daɗe ba sai ga Nas ta yi sallama, jaririnta a kafaɗa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ɗaga murya yadda ta saba da tsofaffin asibiti.

"Baba, zuma ce ke shiga ta gefen famfonmu, can ta lungun baya. Jiya har a gadon yaron nan na tsince su. Babansa ya ce gobe zai zo da mai feshi, ni kuma na ce a bari in faɗa maka tukuna."

Malam ya dubi ƙasa. Ya ce, "'Yata, na daina. Ban san inda suke ba, kuma ba zan rushe miki ɗaki ina lalube ba, ga ki da jariri."

"To a fesa ke nan, Baba?"

Wallahi ban shirya ba, bakina ne ya riga ni.

Na ce, "Ni na san inda suke."

Ya ce, "Na'am?"

Na ce da ƙarfi, yadda har direban da ke wanke mota a waje sai da ya ji, "Na ce na san inda suke! Suna bayan kekena, sun kwana biyu suna damuna! Ta ɗakina za ka fasa. In ka fasa ba daidai ba bangona ne, ni zan yi maka masifa, kuma ka saba."

Sannan ya ce, "Ke da kika rantse sai a cokali?"

"Zan yi kaffara. Tashi ka nemo gudumarka."

Washegari da sassafe muka fitar da keke da yadukan mutane, muka buɗe taga. Nas ta kai yaron gidan 'yar'uwarta ta dawo ta tsaya daga bakin ƙofa. Direba ya yarda ya ba mu yinin, in ba a gama ba ya kira mutuminsa.

Na manna kunne a bango. Malam ya ce, "Kada ki bi inda ya fi ƙara, wannan hanya ce kawai. Ki bi inda ya fi kauri, inda za ki ji shi har a haƙoranki." Na riƙa jan kunne a hankali, shi yana biye da ni yana kallon fuskata. Kusa da taga ƙarar siririya ce. Na yi ƙasa ta ɓace. Na dawo dama, daidai inda nake jingina kai in na gaji da taka keke, sai na ji ta cika mini kai, har haƙoran kuwa. Na zaro allin ɗinki daga aljihu na zana da'ira.

Malam ya ɗora tafin hannu a kan da'irar. Ya ciro hular daga ƙusa ya kakkaɓe ya kifa mini a ka. Da hannuna na ɗinka ta, amma ban taɓa sanin haka take da zafi ba. Shi kuwa da fuska a buɗe ya tsaya, ya yi bisimilla, ya ɗauki guduma da ƙarfen fasa bango, ya riƙa bugun siminti a hankali yana ɓamɓarowa. Da ƙarfen ya huda bulo sai ƙamshi ya bugo mu. Ya zare gutsuren, ga saƙa nan a jere, ƙudaje sun lulluɓe ta suna motsi. A tsakiyar da'irata! Ya juyo ya dube ni da wata dariya da na daɗe ban gani ba, ya ce, "Gidan Rediyo!"

Daga bakin ƙofa Nas ta ce, "Maman Auta, ashe haka bangon nan ke kai magana?"

Na ce, "Ni dai zuma nake ji."

Ta ce, "Uhm." Sannan ta ɗaga murya, "Baba, in ka tashi mayarwa don Allah ka cika ramin nan da siminti taf."

Ya ce da ma haka ake yi, don kada wasu su biyo ƙamshi su tare. Kun ji fa. Da ni aka yi aikin, ni kuma aka toshe wa tasha.

Daga nan hannunsa ya karɓi aiki, hannun kuwa bai manta komai ba. Ya busa hayaƙi kaɗan, ya yanko saƙa mai 'ya'ya, ya ce in riƙe sanda ya ɗaure da zarena. Ta zuma zalla ya sa a bokiti ya rufe. Ƙudaje na yawo a kan safar hannuna, ina karanto duk addu'ar da na sani, gumi na bin bayana. Ɗaya ta samu wuyan hannuna ta harba, na yi ƙara, ya kankare ƙarin da ta bari da farce ko kallona bai yi ba, ya ce, "Kada ki yarfe, saƙar za ta faɗi." Mutumin nan! Sannan ya riƙa ɗebo su da tafin hannu yana zubawa a akwati kamar mai auna hatsi. Zuwa la'asar ramin ya kusa zama wayam, muka ɗauki akwatin muka kai lungun baya muka ajiye ƙarƙashin famfon Nas, inda masu dawowa za su gan shi.

Amma uwa ba mu gan ta ba. Ya duba sanda bayan sanda, ido ya gaza. Ya tsuguna gaban akwatin, don sabo ya kai kunne jikin katako, sai abin kunnen ya yi fiii. Ya ja da baya. Direba ya leƙo yana tambaya ko an gama a liƙe. Malam ya ce a'a, in uwa na bango aka liƙe an kashe ta, na akwatin ma ba lallai su zauna ba.

Ya dube ni ya ce, "Ara mini kunnenki."

Na durƙusa na manna kunne a katako. Na ji ƙarar ba irin ta bayan kekena ba ce, amma ban yarda da kaina ba, na fara inda-inda. Ya ce, "Kada ki faɗa mini da baki. Yi mini irinta." Ya cire abin kunnen ya sa a aljihu, ya nuna mini ƙashin nan na bayan kunnensa. Na ɗage raga na kafa leɓe a wurin na kwaikwayi abin da na ji, siririya, tana hawa tana rawa.

Ya miƙe zumbur. "Marayu ne. Tana bango."

Ya koma ɗakin ɗinki da tocila, na bi shi. Ya zura hannu har kafaɗa cikin ramin bulon sama, inda wani dunƙule ya maƙale a kusurwa, ya ɗebo shi a hankali. Na ce ya buɗe mu ga mai girman, ya ce a'a, kada ta tashi ta ɓace. Haka ya kai dunƙulen lungu ya sauke shi cikin akwati ya rufe, ba mu san ko tana ciki ba.

Muka zauna, shi kan bokiti ni kan bulo. Rana ta yi sanyi. Masu fita neman abinci suka riƙa dawowa, su nufi gefen famfo, su yi ta shawagi, sannan su sauko bakin akwati inda wasu suka tsaya suna kaɗa fiffike. Ranar na ga abin da ke hucar mini da abinci duk shekarun nan, kuma ban ji haushi ba.

Can ya ce, "Saurara."

Na manna kunne. Ƙarar ta sauka ta yi kauri, irin ta bayan kekena sak. Na matso na kafa leɓe a bayan kunnensa, na yi masa ita a hankali, iya numfashina. Ya rufe ido yadda yake rufewa a jikin bango.

"Hira ce," in ji shi. "Uwa ta shiga."

Na ce to alhamdu lillahi, a tashi a kwaɓa siminti, ni ɗakina nake so. Bai motsa ba.

Ya ce, "Mutanen nan da suka kira na ce musu na daina, lambarsu na nan a waya?"

Na ce a kunnensa, "Tana nan."

"Gobe ki zo da allin nan naki."

Na ce, "Ɗinkin mutane kuma wa zai yi? Kai mutumin nan, daga aro sai ka riƙe?"

Ya ce, "Na'am?" Wannan na'am ɗin kam na ƙarya ne, don murmushi yake yi.

Sannan ya karkato da kai wajena, idonsa har yanzu a rufe. "Sake yi mini."

"Ba ka gane ba ne?"

"Na gane. Na daɗe ban ji ba ne."

Ruwa ya cika mini ido, na gode Allah da nasa idon na rufe. Na ja numfashi na kafa leɓe na sake yi masa, na kuma sake, ƙudajen ƙarshe na sauka a bakin akwati, direba na tsaye da kwanon siminti yana jiranmu.